Kaskon Da Ba Ya Kamu: Me Ya Sa Tsuntsu Ke Mutuwa A Kicin?

 A filinmu na yau kicin za mu shiga, mu ɗauko wannan baƙin kasko mai santsi da 'yan'uwansa tukwane waɗanda ake kira nonstik, watau waɗanda abinci ba ya kamawa a cikinsu. Yau da wuya ki je ganin ɗakin amarya a birni ba ki tarar an jera saitinsu ba, kamar yadda iyayenmu suka jera tasoshi da langa da samira a nasu zamanin. Kowa yana sonsu, kuma da dalili. Ƙwai zai sulɓo bai farfashe ba, ɗan mai kaɗan ya isa, wanke-wanke kuwa ko yarinya ta gama shi kafin a yi kiranta. Sai dai masu son ƙanzo su yi haƙuri.

To, a 'yan shekarun nan surutu ya yi yawa a kan kaskon nan a Amurka da Turai, har magana ta kai gaban majalisun dokoki. Mu kuwa labarin yana iso mana guntu-guntu ta wayar hannu. Wannan ta ce guba ce tsagwaronta, a kwashe a zubar. Waccan ta ce ai shekara goma tana suya a nata, ga ta nan garau. Dukansu biyu akwai abin da ya kuɓuce musu, domin maganganu biyu ne aka cakuɗa wuri guda. Ɗaya ta shafi abin da ke faruwa a masana'antar da ake yin kaskon. Ɗayar kuwa ta shafi abin da ke faruwa a kan murhunki idan kasko ya yi zafin da ya wuce kima. Ta biyun ita ce a hannunki, kuma ita ce ke kashe tsuntsayen gida.

Bari mu fara da sanin abin da aka shafa a cikin kaskon. Wani irin roba ne da masana ke kira PTFE a taƙaice, amma an fi saninsa da sunan kasuwa Teflon. Wani masani mai suna Roy Plunkett ya gano shi a 1938 a kamfanin DuPont na Amurka, kuma ba shi yake nema ba, iskar sanyaya firiji yake bincike a kai. Wadda ta kai shi kicin mace ce. Wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, yana shafa shi a kayan kamun kifinsa, sai matarsa Colette ta ce ya gwada mata a kaskonta. Wannan a 1954 ke nan. Bayan shekara biyu suka kafa kamfanin Tefal, wanda sunansa ke jikin kasake da yawa har gobe.

Muddin zafi bai wuce kima ba, robar nan ba ta haɗuwa da komai. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salsiyas, kuma in dai da ruwa a tukunya zafinta ba zai yi nisa da haka ba. Suyar ƙosai ko dankali ko kaza tsakanin digiri 170 zuwa 190 take. Duk wannan bai taɓa shafen ba. Daga wajen digiri 260 ne yake fara lalacewa, a digiri 327 yake narkewa, in ya kai 360 kuwa hukumar ƙasar Jamus mai auna haɗarin kayan masarufi ta ce yana fitar da tururi mai guba. Wata za ta ce ina ruwana da digiri 360, ni da nake dafa shinkafa? Ga inda gizo ke saƙar. Kasko marar kauri, in kika ɗora shi babu komai a ciki, kika ƙure wutar gas, cikin 'yan mintoci kaɗan zai haura digiri 260. Abincin da ke ciki shi ke shanye zafin. In babu abinci, shafen ne zai sha. Haka kuma tukunyar da aka manta a kan wuta ruwanta ya ƙone ƙurmus, uwargida tana can falo baƙi sun riƙe ta da hira, ko barci ya sace ta.

Abin tsoro a nan shi ne tururin ba lalle ki gan shi ba, ba lalle kuma ki ji warinsa ba. Mutum in ya shaƙe shi, sai bayan sa'o'i huɗu zuwa goma zai fara jin sanyi da rawar jiki, da ciwon kai, da zazzaɓi, ƙirji ya yi nauyi, wani da tari. Galibi cikin kwana ɗaya ko biyu yake warwarewa da kansa. Likitoci sun san wannan zazzaɓi tun 1951, lokacin da aka fara bayyana shi a tsakanin ma'aikatan masana'anta a Ingila. A Amurka akwai cibiyoyin da ake buga wa waya in ana zaton wani ya sha ko ya shaƙi guba, kuma a 2023 kaɗai sun karɓi rahoto 267 na mutanen da ake zaton wannan zazzaɓi ne ya kama su. A cikin shekara ashirin rahotannin sun haura 3,600. In kika auna da ɗimbin gidajen da ake girki da kaskon nan kullum a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330, za ki ga adadin kaɗan ne, kuma ya kamata a faɗi haka domin kada a tsorata ki a banza. Amma fa ki tuna, a wajenmu kowane zazzaɓi sunansa na cizon sauro. Wadda ta ƙona kasko da hantsi, ta kwanta da rawar ɗari da dare, kemis za ta aika a sayo mata maganin sauro, ba za ta taɓa tuna kaskon ba. Mai asma da mai ciwon ƙirji da jinjirin da ke goye a baya kuwa, bai kamata a yi sakaci da su ba.

Tsuntsu shi ba ya samun wannan rangwamen. Abin da zai kwantar da ke kwana ɗaya, shi kashe shi yake yi, sau da yawa kafin a kai ga ɗaukarsa. Ku 'yan makaranta masu karatun kimiyyar halittu, ku saurari dalilin, domin zai yi muku amfani har a jarrabawa. Mu mutane muna jan iska ta shiga huhu, ta tsaya, ta komo ta hanyar da ta shiga, kuma kullum akwai ragowar tsohuwar iska a ciki tana surka sabuwa. Tsuntsu ba haka aka halicce shi ba. Ban da huhu yana da wasu 'yan jakunkunan iska, yawanci guda tara, a ƙirji da ciki, waɗanda ke aiki kamar zugazugin maƙeri. Su ke tura iska ta ratsa huhunsa ta fuska guda, ko yana jan numfashi ko yana fitarwa. Ga shi kuma fatar da ke tsakanin iska da jini a huhunsa ta fi tamu siranta ƙwarai. Wannan shiri shi ke ba shi ikon tashi sama ba tare da ya gaji ba. Shi ne kuma ke sa duk abin da ke cikin iska, mai kyau da marar kyau, ya shige shi da sauri. Saboda haka ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari a keji, in ya faɗi su san iska ta ɓaci su gudu. Sai a 1986 aka daina, na'ura ta karɓi aikin.

Idan tururin kaskon ya shiga huhun tsuntsu, ƙona shi yake yi, huhun ya cika da ruwa da jini. Za ki ga yana buɗe baki yana haki, fukafukai sun saki, yana tangaɗi, sai ya faɗo daga kan sandarsa. A 1975 wata mujallar likitocin dabbobi ta Ingila ta buga labarin wani gida da aka bar kasko ya ƙone. Wasu ƙananan aku biyar, irin na ƙasar Ostareliya masu tukku, suka mutu cikin rabin sa'a, mai su kuma ya kwanta da zazzaɓin da muka ambata. Tun daga lokacin likitocin dabbobi suke ta ganin irin haka. Kamfanonin da ke yin shafen ma ba su musa ba, da kansu suke gargaɗi cewa a nisanta tsuntsu daga wurin girki. Sai dai gargaɗin yana cikin 'yar takardar da ke ƙasan kwali, da Turanci ko Faransanci ko Sinanci, takardar da ake zubarwa tare da leda ranar jere.

Wata za ta ce wannan matsalar Turawa ce masu ajiye aku a falo suna kiransa ɗansu. A'a, ki duba gidanki da kyau. Akwai gidajen da aku yake rataye a baranda, daidai tagar kicin. Akwai samari da kejin kanari ko ɗakin tattabaru a jikin bangon madafa. Wanda ya fi waɗannan yawa kuwa shi ne kiwon kaji, sana'ar da mata da yawa suke rufa wa kansu asiri da ita. Da sanyin hunturu, ina ake kai kwalin 'yan tsaki don su ji ɗumi? Kicin, ko sito da ke manne da shi. Ki ji abin da ya faru a wani gidan binciken kaji a Amurka, wanda aka buga rahotonsa a shekarar 2000. An zuba 'yan tsaki 2,400. Cikin sa'a huɗu suka fara mutuwa, kafin kwana uku fiye da rabi sun tafi, kashi 52 cikin ɗari. Aka bincika abinci da ruwa da cuta, ba a sami komai ba. Ashe ƙwayayen fitilar ɗumama su ne aka sauya da sababbi, waɗanda aka shafa musu wannan roba don kada su tarwatse in sun fashe. Zafin jikin ƙwan fitilar kuwa wajen digiri 202 ne kawai, watau bai ma kai 260 ɗin da ake faɗa ba. Saboda haka adadin da ya isa kariya ga mutum bai isa ga tsuntsu ba. Ke mai kiwo, in za ki sayi ƙwan ɗumama 'yan tsaki, ki sa a karanta miki kwalin, in an rubuta an rufe shi da shafen hana fashewa, ki bar musu kayansu.

Yanzu mu zo ga irin girkinmu, domin wanda ya ƙera kaskon nan bai yi shi da mu a rai ba. Ya yi shi ne don mai soya ƙwai a wuta 'yar madaidaiciya. Mu kuwa hannunmu ya saba da tukunyar ƙarfe da tandar ƙasa, waɗanda sai sun yi zafi jau ake zuba musu abu. Mun taso muna ganin ana ɗora tanda a bar ta ta ɗauki wuta kafin a zuba ƙullun waina. Yanzu ga tandar nonstik a kasuwa, ana yi mata yadda ake yi wa ta ƙasa. Muna soya gyaɗa da riɗi ba mai ba ruwa. Muna ɗora tukunya a kurfoti, gawayi na ci ba maɓallin ragewa, alhali garwashi mai ja ya haura digiri 600. Wata ma in kaskon ya tsufa sai ta mai da shi na ɗibar garwashi ko na turaren wuta, ta zaga da shi ɗaki-ɗaki. Wannan kam kada a kuskura.

Sai kuma babbar, watau toya manja har ya washe. Kin san yadda ake yi: a zuba manja, a rufe, a bar shi yana tiriri har jan ya gushe, hayaƙi ya turnuƙe gida kowa yana tari. Yawancin man girki yana fara hayaƙi ne kafin digiri 260, manja da man gyaɗa na gida da man shanu tun da wuri ma. Saboda haka hayaƙin mai tamkar ƙararrawa ce, yana gaya miki kin kusa iyakar kaskon. Mai washe manja kuwa ƙararrawar tana kaɗawa ita tana ƙara minti goma. In dole sai kin yi, ki yi a tukunyar ƙarfe, a tsakar gida. Ki kuma sani hayaƙin ƙonannen mai shi kansa yana iya kashe tsuntsu, ko a wace irin tukunya aka ƙona shi. Haka hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, da maganin sauro na fesawa da na kunnawa, da turaren wuta mai yawa.

Gine-ginenmu ma sun sauya. Madafar da a tsakar gida take, iska na kaɗawa ta ko'ina. Kicin na yanzu ɗan ƙuƙumin ɗaki ne a cikin gida, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda ƙura da ƙuda. Tururin da zai watse a fili, a nan taruwa yake yi.

To ita waccan magana ta farko, ta masana'anta da majalisu fa? Shekaru da yawa ana amfani da wani sinadari mai suna PFOA wajen haɗa robar. Shi wannan ba ya ruɓewa, yana zama cikin ruwa da ƙasa da jinin mutum shekara da shekaru. A garin Parkersburg na jihar West Virginia ya gurɓata ruwan shan jama'ar da ke kewaye da masana'antar DuPont, aka yi ta shari'a, har a 2017 aka sasanta ƙararraki sama da 3,500 a kan kuɗi dala miliyan 671. Manyan kamfanonin Amurka da Turai sun daina aiki da shi zuwa 2015, aka sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta hana a 2019, sa'an nan a 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa shi cikin masu haddasa ciwon daji. Waɗanda suka fi cutuwa da shi ma'aikata ne da masu shan ruwan yankin. Amma shi da robar kaskon 'yan dangi ɗaya ne, dangin da ake kira PFAS mai dubban sinadarai, shi ya sa masu fafutuka ke cewa a hana dangin baki ɗaya, kada a cire wannan a maye gurbinsa da ƙaninsa.

A kan haka kawuna suka rabu. Jihar Minnesota ta Amurka ta hana sayar da kayan girki masu PFAS daga ranar 1 ga Janairu 2025. Dokar tana ɗauke da sunan wata budurwa, Amara Strande, wadda ta taso a yankin da ruwansa ya gurɓata, ta yi ta zuwa majalisa tana ba da shaida tana fama da ciwon dajin hanta, ta rasu a 2023 tana da shekara 20, 'yan makonni kafin a zartar da dokar. Faransa kuwa ta yi tata dokar a Fabrairun 2025, ta hana sinadaran a kayan kwalliya da tufafi, amma ta tsame kayan girki. Dalili? A watan Afrilun 2024 ma'aikatan kamfanin da ya mallaki Tefal sun taru kusa da majalisa a Paris suna buga kasake, suna cewa za a raba su da abincinsu. A California majalisa ta amince da hanin, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a Oktoban 2025, yana mai cewa zai rage wa mutane kayan girki masu sauƙin kuɗi. Kin ga ke nan ko a can ba ilmi kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai aikin yi da aljihu a ciki. Abin da nake hange, in ƙasashe masu kuɗi suka ci gaba da rufe ƙofa, kayan da suka rasa mai saye a can kasuwa za su nema, kuma mun san inda irin wannan kaya ya saba sauka. Saitin da ba sunan kamfani a jikinsa, ba takarda, shafensa kamar fatar albasa, arharsa ba alheri ba ce.

Kada kuma tsoro ya sa ki yi gudun gara ki faɗa gidan zago. Tukwanen da ake zubawa a gida da tarkacen gwangwani da kayan mota, wani bincike da aka yi a Kamaru aka buga a 2014 ya nuna wasunsu suna sakin dalma a cikin abinci. Wanda ya ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayaninta. Komawa murhun itace a rufaffen ɗaki shi ma ba mafita ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. A kan wannan ma'auni kaskon nonstik ƙaramin alhaki ne. Sai dai shi haɗarinsa na rana ɗaya ne, ranar mantuwa.

Saboda haka ba na cewa ki zubar da saitinki. Ki ba kowace tukunya aikinta. Ƙwai, da wainar fulawa, da kifi, da miya a wuta matsakaiciya, na nonstik ne. Babbar suya, da gashi, da toya mai, da duk abin da za a ɗora a gawayi, a bar wa baƙin ƙarfe ko bakin-ƙarfe marar tsatsa. Ki zuba mai ko ruwa ko abinci tukuna, sa'an nan ki kunna wuta. In harshen wutar gas yana lasar gefen kasko, ta yi yawa. Ki buɗe taga. In za ki amsa sallama ko waya, ki kashe, ashana ba ta kai kasko tsada ba. Ku 'yan mata da ake bar wa girki in an taso daga makaranta, da 'yan aiki, wannan ya fi shafarku, domin ku kuka fi haɗa girki da wani abin. Uwargida, ki nuna musu da hannunki, faɗa ba ya koyar da wannan.

Cokalin katako ko na roba za ki sa, ki wanke da soso mai laushi, ban da soson waya da toka. In shafen ya fara ɓamɓarewa, ɗan ɓarɓashin da aka haɗiye wucewa yake yi ta ciki bai narke ba, don haka kada ki tashi hankalinki a kan abincin jiya. Amma kaskon ya gama aikinsa, a sake wani. Ki tuna kuma ba kasko kaɗai ke da shafen ba. Yana cikin wasu tukwanen lantarki na dafa shinkafa, da na suya da iska mai zafi, da abin gasa burodi, har da ƙasan wasu duwatsun guga. Kejin aku da kwalin 'yan tsaki su bar kicin da duk ɗakin da iskarsa ke shiga, ko da wace irin tukunya kike girki.

In kuwa tsautsayi ya gifta kika tarar kasko ya ƙone, ki kashe wuta, ki fitar da yara da tsuntsaye waje tun kafin ki tsaya duba ɓarna. Ki buɗe ƙofa da tagogi, ki sa tsumma ki ɗauke kaskon zuwa fili, kada ki tsaya kansa kina leƙawa, kada kuma ki kwara masa ruwa in da mai a ciki. Tsuntsun da ya fara haki babu wani maƙari da za ki ɗura masa, manja ko madara sai dai su shaƙe shi. A ajiye shi inda iska take, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Wanda ya ji zazzaɓi ko nauyin ƙirji a daren nan kuma, in numfashi yana yi masa wuya a tafi asibiti, a gaya wa likita cewa an ƙona kaskon nonstik a gidan da rana, da kuma tsawon lokacin da ya yi a cikin ɗakin.